Sukari Halal Ne, Amma Ciki Yana Da Ma'auni

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya hore masa abin ci da abin sha, Ya sanya masa harshe mai rarrabe zaƙi da ɗaci, sa'an nan Ya ba shi hankali domin ya san inda zai tsaya. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani abu ne wanda kusan babu gidan da ba ya shiga, birni da ƙauye, gidan mai kuɗi da gidan talaka, watau sukari. Da shi ake karya kumallo, da shi ake tarbar baƙo, da shi ake buɗa baki a watan azumi, kuma shi ake kai wa marar lafiya har gadon asibiti a cikin kwalbar lemo da sunan dubiya. Saboda wannan sabo, mutane da yawa ba su taɓa zama sun lissafta yawan da suke sha a rana ba, sai ranar da likita ya auna jininsu ya ce sun kamu da ciwon sukari. A nan ne ake fara zuwa wurin malamai ana tambaya: shin sukari haram ne? Shin mai wannan ciwo zai yi azumi? To, ya kamata mai karatu ya san amsar waɗannan tambayoyi tun kafin ciwo ya zo, domin rigakafi ya fi magani.

ASALIN SUKARI

Kalmar sukari ta zo wa Hausa ne daga Larabci, inda ake ce masa sukkar. Larabawa kuwa sun karɓo ta daga Farisawa, su kuma Farisawa daga mutanen Indiya, domin a Indiya ne aka fara gano yadda ake dafa ruwan rake har ya daskare ya zama ƙwayoyi. Bayan Musulunci ya yaɗu, sai Musulmi suka kai noman rake Masar da Sham da Maroko da Andalus, suka kafa wuraren tace shi, kuma daga hannunsu ne Turawa suka san shi. A wancan zamani sukari abu ne mai tsada ƙwarai, ba a samunsa sai a fadar sarakuna da kantin masu haɗa magani, ana auna shi kaɗan-kaɗan kamar yadda ake auna turare.

A ƙasar Hausa ma haka al'amarin yake a da. Zaƙin da kakanni suka sani shi ne na zuma da dabino da rake da mazarƙwaila, da 'ya'yan itace irin su ɗinya da kanya da magarya, kowanne da lokacinsa. Alkaki da nakiya kayan buki ne, ba a ganinsu sai an yi aure ko suna ko Salla. Farin sukari bai zama abincin kullum ba sai da aka fara shigo da shi da yawa daga ƙetare, aka kuma kafa masana'antunsa a cikin gida, kamar ta Bacita a shekarun 1960, da ta Numan wadda ta biyo baya. Daga nan sai teburin mai shayi ya bazu a kowace unguwa, lemon kwalba ya shiga kowane ƙauye, abin da a da ake lasa sau biyu ko uku a shekara ya koma ana shansa sau uku ko huɗu a rana. Jikin ɗan Adam kuwa yana nan yadda Allah Ya halitta shi, bai sake ba.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Abu na farko da ya wajaba a tabbatar shi ne, sukari halal ne. Ƙa'idar malaman Usulu ita ce asalin abinci halasci ne, sai abin da nassi ya haramta ko aka tabbatar da cutarwarsa. A cikin Suratul A'arafi, aya ta 32, Allah Ya yi inkari ga masu haramta kyawawan abubuwan da Ya azurta bayinSa da su. Saboda haka ba ya halatta ga kowa, malami ne ko likita, ya ɗaga murya ya ce sukari haram ne ga dukkan mutane. Kuma ya tabbata a cikin Bukhari, daga Nana A'ishatu, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son abu mai zaƙi da zuma.

Amma ayar da ke gaban wannan, watau ta 31, ita ce ta kafa iyaka, domin a cikinta ne Allah Ya yi izinin ci da sha, Ya haɗa da hani ga barin wuce gona da iri, Ya kuma bayyana cewa ba Ya son masu yin haka. Wannan wuce gona da iri shi ne ake kira israfi. Mutane da yawa sun ɗauka israfi shi ne zubar da abinci a kwata kawai, alhali kuwa malaman tafsiri sun sanya cin abin da ya wuce bukatar jiki har ya cutar da shi a cikin israfi. Abincin da aka zubar a kwata an yi hasarar dukiya, wanda aka ɗura wa ciki fiye da kima kuwa an yi hasarar dukiya da lafiya gaba ɗaya.

Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ciki shi ne mafi sharrin mazubin da mutum ke cikawa, 'yan lomomi sun ishe shi, idan kuwa ba makawa to ya kasa shi uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Wannan ladabi ba baƙo ba ne ga ɗalibin ilmi a ƙasar Hausa, domin Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo shi a babin ci da sha na littafin Risala, wanda ake karantawa a kowane zaure. Haka kuma Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malamai suka gina babbar ƙa'ida a kansa, cewa cuta gusar da ita ake yi. Kiyaye rai kuwa yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta kare, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya.

Daga waɗannan hujjoji ne hukunci yake fita. Ga mai lafiya, shan sukari daidai wa daida halal ne ba tare da wani aibu ba. Yawaita shi har ya zama hanyar cuta abin ƙi ne. Wanda kuwa likita amintacce ya tabbatar masa cewa wani gwargwado na sukari zai makantar da shi ko ya lalata masa ƙoda, to ƙetare wannan gwargwado da gangan ya zama laifi a kansa, domin jikinsa amana ce a hannunsa, kuma za a tambaye shi yadda ya yi da ita.

MA'AUNIN LIKITOCI

Shari'a ta ce kada a wuce iyaka, amma ba ta faɗi cokali nawa ne iyakar ba, domin wannan aikin masana fannin ne, kamar yadda alƙali yake komawa ga masu sana'a idan shari'a ta shafi sana'arsu. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan wannan al'amari. Ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, idan kuma aka rage shi ƙasa da kashi 5 to ya fi alheri. Ga baligi matsakaici, kashi 10 shi ne kimanin gram 50, watau cokalin shayi 12, kashi 5 kuwa gram 25, watau cokali 6. Kowane cokalin shayi shafaffe yana ɗaukar kimanin gram 4, kuma ƙwayar sukari ɗaya kusan daidai take da shi.

Abin da wannan lissafi ya ƙunsa shi ne dukkan sukarin da mai dafuwa ko kamfani ko mai ci ya zuba da hannunsa, haɗe da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka tace. Bai ƙunshi zaƙin da ke cikin madara tun asali ba, ko na lemo da gwanda da goba da mangwaro idan an ci su da tsokarsu, domin zare-zaren da ke cikin tsokar yana sa zaƙin ya shiga jini a hankali, kuma yana sa a ƙoshi.

Cokali 12 yana iya zama kamar da yawa ga wanda bai yi lissafi ba. To, a ɗauki misalin magidanci wanda ya tsaya wurin mai shayi da safe aka zuba masa cokali 4, ban da wanda ke cikin madarar gwangwani mai kauri. Da hantsi ya sha koko da cokali 3. Da rana zafi ya dame shi ya sha lemon kwalba mai rabin lita. Irin wannan lemo yakan ƙunshi kimanin gram 10 na sukari a kowane mililita 100, watau kwalbar nan guda ta cinye masa kimanin cokali 12. Da dare kuma ya koma majalisa ya sha shayi da cokali 4. Jimla cokali 23 ke nan, gram 92, kusan ninki biyu na babbar iyaka, kusan ninki huɗu na ƙarama. Idan ya ɗore a haka, a shekara guda ya sha fiye da kilo 33, watau kashi biyu cikin uku na babban buhu mai kilo 50. Da za a ajiye masa wannan buhu a ƙofar gida a ce ya shanye, lalle da ya ce ana nufinsa da sharri, amma da yayyafi kogi kan cika.

ABIN DA YAKE YI A CIKIN JIKI

Farin sukari ya haɗu ne daga sinadarai biyu, likitoci suna kiran ɗaya gulukos, ɗaya kuma furuktos. Na farkon yana wucewa cikin jini, sai wata 'yar gaɓa da ke bayan tumbi, wadda ake ce wa fankiriyas, ta saki wani ruwa mai suna insulin, wanda shi ne kamar mabuɗin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsokar jiki ya zama ƙarfi. Na biyun kuwa hanta ce take sarrafa mafi yawansa, idan ya yi mata yawa sai ta mayar da shi kitse, wani ya zauna a cikinta, wani ya bi jini. Sukarin da aka sha a ruwa ya fi haɗari, domin yana shiga jini da sauri kuma ba ya ƙosarwa, mutum zai sha kwalba guda sa'an nan ya ci tuwonsa cikakke kamar bai sha kome ba. Ta haka ƙiba take taruwa, musamman teɓa. Idan teɓa ta yi yawa sai jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, gaɓar nan ta yi ta ƙoƙari har ta gaji, sukari ya taru a jini. Wannan shi ne ciwon sukari nau'i na biyu, wanda ya fi yawa a cikin mutane.

A nan akwai bukatar adalci a magana. Ba sukari kaɗai ne ke kawo wannan ciwo ba. Gado yana da hannu a ciki, haka shekaru, haka rashin motsa jiki, kuma farar shinkafa da burodi da taliya su ma gulukos suke komawa a cikin jini. Akwai kuma nau'i na farko, wanda yakan kama yara da matasa, shi kuwa ba shan zaƙi ne ke jawo shi ba, saboda haka zalunci ne a zargi yaro ko iyayensa a kansa. Abin da bincike ya tabbatar shi ne masu yawan shan abin sha mai sukari sun fi saurin yin ƙiba da kamuwa da nau'i na biyu da ciwon zuciya. Gado da shekaru ba su a hannun mutum, cokali kuwa yana hannunsa.

Likitocin Musulunci na farko sun san wannan ciwo. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya siffanta shi a littafinsa na likitanci, ya ambaci zaƙin fitsarin mai shi da ruɓewar gaɓoɓi. Ba a gano insulin ba sai a shekarar 1921, a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Duk da haka ciwon sai ƙaruwa yake yi. A ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta shekarar 2021, baligai miliyan 537 ne ke ɗauke da shi a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba. An yi hasashen cewa na Afirka za su kai miliyan 55 a shekarar 2045. Saboda irin wannan ne ƙasashe suka fara sanya haraji a kan lemon kwalba, kamar Meksiko a 2014, da Birtaniya da Afirka ta Kudu a 2018. Nijeriya ma ta sanya naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021.

Mugun halin wannan ciwo shi ne yana yin ɓarna a ɓoye shekara da shekaru. Yana lalata ƙananan jijiyoyin ido har a makance, yana lalata ƙoda har a kai ga wankin ƙoda, yana kashe jin ƙafa har mutum ya taka ƙaya bai sani ba, rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Yana kuma haɗa kai da hawan jini su jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Alamominsa su ne yawan ƙishirwa, da yawan fitsari musamman da dare, da rama ba dalili, da kasala, da gani dishi-dishi, da raunin da ba ya warkewa, da taruwar tururuwa a inda aka yi fitsari. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, ko ya haura shekara 40, ko akwai ciwon a danginsa, to ya je a auna shi. Idan awon safe kafin a ci kome ya kai 126 a ma'aunin miligram, aka kuma maimaita aka sami haka, likitoci suna ɗaukarsa ciwon sukari.

Haƙori ma yana da nasa rabon. Ƙwayoyin cutar da ke cikin baki suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin nan ne ke cinye haƙori har ya yi kogo. Sunnar asuwaki tana da babban amfani a nan, amma asuwaki ba zai iya da bakin da ke tsotsar alewa tun safe har dare ba.

ZUMA DA DABINO

Waɗansu sukan ce, ai Annabi yana son zaƙi, kuma Allah Ya ambaci waraka a cikin zuma a Suratun Nahli, aya ta 69, don me za a hana su? Wannan magana gaskiya ce, sai dai akwai sauranta. Nana A'ishatu wadda ta ba da labarin son zaƙin, ita ce kuma ta ba da labari a cikin Bukhari da Muslim cewa akan yi wata biyu cur ba a hura wuta a gidajen Manzon Allah ba, dabino da ruwa ne abincinsu. Waɗansu masu sharhin hadisi kuma sun bayyana cewa abin zaƙin da ake nufi dabino ne da ake kwaɓawa da madara, kuma yakan ci ne idan an kawo masa, ba ya aikawa a nemo. Wanda zai kafa hujja da son zaƙin, to ya haɗa da ƙarancin cin.

Zuma kuwa waraka ce kamar yadda Allah Ya faɗa, amma kowane magani yana da gwargwado da wanda ya dace da shi. Kimanin kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, saboda haka mai ciwon sukari da ya bar farin sukari ya koma kwankwaɗar zuma bai tsira ba. Haka mazarƙwaila, ita ma sukari ce da ba a tace ba. Busasshen dabino ya fi rabinsa sukari, ko da yake yana da zare da waɗansu sinadarai masu amfani, don haka ƙwaya uku sun isa, ba a cika faranti. Likitocin yara kuma sun yi gargaɗi cewa kada a ba jariri zuma kafin ya cika shekara guda, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta wadda hanjinsa bai isa ya yaƙe ta ba.

WATAN AZUMI

Babu lokacin da wannan darasi ya fi bukatuwa kamar watan Ramalana. Watan da aka shar'anta domin horar da ciki, a gidaje da yawa ya koma watan da ake ƙara kuɗin sukari, har masu hali sukan raba shi buhu-buhu a matsayin kayan azumi. Da an kira salla sai a jera kunun gyaɗa da kunun tsamiya da zoɓo da lemo, kowanne an cika shi da sukari, a ɗura wa cikin da ya wuni babu kome. Sakamakon haka shi ne kasala da gyangyaɗi a sallar asham, da ƙishirwa mai tsanani washegari, har waɗansu su fita daga watan sun fi yadda suka shiga nauyi. Sunna kuwa, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Anas, ita ce buɗa baki da 'yan ƙwayoyin ɗanyen dabino, in babu da busasshe, in babu da 'yan kurɓin ruwa, sa'an nan a tashi a yi salla.

Game da mai ciwon sukari, Allah Ya yi rangwame ga marar lafiya a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185. Malaman mazhabar Malik sun ce shan azumi ya halatta ga wanda yake tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, kuma ya zama wajibi idan ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani. A shekarar 2009 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a birnin Sharja tare da likitoci, ta kasa masu wannan ciwo gida huɗu gwargwadon haɗarin da ke kansu, ta yanke cewa waɗanda haɗarinsu ya yi yawa su sha azumi, waɗanda ciwonsu ya daidaita kuwa su yi. Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake, domin wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 kan azumin shekarar 2001 ya nuna cewa mummunar faɗuwar sukari a jini ta ninka fiye da sau 7 ga masu nau'i na biyu a cikin watan.

Saboda haka mai wannan ciwo ya ga likitansa makonni kafin watan ya kama, domin a gyara masa lokacin shan magani da gwargwadonsa. Ya riƙa auna jininsa da rana, domin malamai sun bayyana cewa ɗigon jinin da ake ɗauka a yatsa ba ya karya azumi. Idan awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko ya ji jiri da karkarwa da gumi mai sanyi, to ya karya nan take ko da saura minti kaɗan a sha ruwa, kuma idan faɗuwa ce sukarin ya yi, a wannan hali sukarin ne maganinsa. Dagewa a kan azumi a irin wannan hali jefa kai ne cikin halaka, wanda Allah Ya hana a aya ta 195 ta wannan sura. Wanda zai iya ramawa ya rama, wanda kuwa likita ya ce ba zai taɓa iyawa ba sai ya nemi bayanin ciyarwa wurin malami. Kuma ya mayar da alwala lokacin duba ƙafafunsa, sau biyar a rana, ya tsane tsakanin yatsu, in ya ga rauni kome ƙanƙantarsa ya garzaya asibiti.

HAƘƘIN IYALI

Maigida makiyayi ne a gidansa, uwargida ma haka, kuma kowa abin tambaya ne a kan kiwon da aka ba shi. Harshen yaro yana sabawa ne da abin da aka fara ɗora masa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Likitoci sun yi horo cewa jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, kuma kada a ƙara sukari a abincin yaro kafin ya cika shekara 2. Uban da yake rarrashin ɗansa da alewa kullum, da uwar da take sanya lemon kwalba a jakar makaranta kowace safiya, suna yi ne don ƙauna, amma suna koya wa yaron abin da zai sha wuyar bari idan ya girma.

Gyara ba ya bukatar kuɗi, hasali ma rage kashe kuɗi ne. Mai shan cokali 4 a shayi ya koma 3 na mako biyu, sa'an nan 2, sa'an nan 1, domin harshe yana sabawa da ƙarancin zaƙi kamar yadda ya saba da yawansa. A mayar da ruwa shi ne abin kashe ƙishirwa, lemo kuwa na ranar buki. A dama kunu da zoɓo da ɗan sukari kaɗan, a ƙara citta da kanumfari su ba da ɗanɗano. A ci lemo da kankana da tsokarsu maimakon a tace ruwansu. Mai iya karatu ya duba jikin kwalba ko gwangwani ya ga gram nawa aka rubuta, ya raba da 4, zai san cokali nawa ne. Mai zuwa dubiya ya tambaya tukuna kafin ya kai wa marar lafiya kayan zaƙi. Mai masauki kuma kada ya matsa wa baƙon da ya ce a zuba masa shayi babu sukari, kuma kada 'yan majalisa su mayar da shi abin dariya. Masu rabon kayan azumi su auna su gani, ko wake da gero da mai ba su fi amfanar talaka ba. A haɗa duk wannan da tafiyar ƙafa, ko da zuwa masallaci ne sau biyar a rana.

Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akwai ni'imomi biyu waɗanda mutane da yawa suke tafka hasara a cikinsu, su ne lafiya da sararin lokaci. Da lafiya ake tsayuwar salla, da ita ake azumi, da ita ake ɗawafi, da ita ake neman halal a ciyar da iyali. Wanda ya rage cokali biyu a shayinsa da niyyar kiyaye amanar Allah, domin ya ƙara samun ƙarfin ibada, ana fata ya sami lada a kan wannan niyya, domin ayyuka da niyya suke.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, na gida da na asibiti, Ya ƙara wa masu lafiya lafiya, Ya sa a dace da bin tsakatsaki a ci da sha da dukkan al'amura, amin. Allah ne Mafi sani.